Baƙin tabo a fuska da ɓarnar rana: abin da ke kawo su, maganin da ke aiki da wanda ke ƙara ɓata fata

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Tawa, mata da yawa na Galma, Madawa, Buza da Keita sukan ga wani baƙin tabo ya shimfiɗu masu a kumatu biyu, wani lokaci har goshi da saman leɓe. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, amma yana damun mai shi. Wata ta ce rana ce ta ƙone ta a garka, wata ta ce ciki ne ya bar mata shi, wata kuma ta zargi sammu. Ranar kasuwa sai a sayo man da mai tebur ya rantse yana goge tabo cikin sati guda. To a nan ne fa ake shiga matsalar gaske, domin tabon kansa ba ya kashe kowa, amma man da ake shafa masa yana iya taɓa fata, ƙoda, har da jaririn da ke ciki.

Mene ne wannan tabo?

Likitoci suna ce masa melasma, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar baƙi. Da Faransanci kuma ana yi masa laƙabi da takunkumin masu ciki, saboda yadda yake rufe fuska gefe da gefe kamar an auna.

Launin fatar mutum yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna melanin. Wasu ƙwayoyin halitta da ke ƙasan fatar sama su ke yin shi, kuma aikinsa tare hasken rana kada ya yi wa jiki lahani. Baƙar fata da farar fata kusan adadin waɗannan ƙwayoyi ɗaya gare su, sai dai namu sun fi yin aiki. In melasma ta kama mutum, ƙwayoyin wani yanki na fuska ne ke wuce gona da iri, su yi ta zuba launi fiye da na sauran fatar.

Tabon ya fi fitowa a kumatu, goshi, karan hanci, saman leɓe da haɓa. Sumul yake, ba ya tashi, ba ya ɓarewa. Wajen kashi 90 cikin 100 na masu shi mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Maza ma suna samu, musamman masu wuni a rana kamar manoma, makiyaya da ƴan kabu-kabu. Ba a ɗaukar shi daga wani, kuma ba ya rikiɗewa ya zama sankara.

Me ke kawo shi?

Na farko rana. Cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ne ke tsokanar ƙwayoyin launi. A baƙar fata, hasken da ido ke gani ma yana ƙara duhun tabon. Likitoci da dama na ganin zafin murhu shi ma yana iya tsananta shi.

Na biyu sinadaran jikin mace. Lokacin ciki suna ƙaruwa, shi ya sa tabon kan bayyana daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshensa. Sau da yawa yakan dishe da kansa cikin shekarar farko bayan haihuwa, amma yakan dawo a ciki na gaba, wasu kuma ya zauna masu. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma sukan tayar da shi ga wasu mata. Wadda ta ga haka kada ta yanke shan maganinta ita kaɗai, ta koma wajen sajfam su zaɓi wata hanyar tare.

Na uku gado. In uwa ko ƴar uwa na da shi, ba abin mamaki ba ne ya fito wa mace. Akwai kuma sabulu mai kaifi, dirzar fuska da soso, da duk wani abin da ke sa fata yin zafi, domin baƙar fata in an fusata ta da baƙi take ramawa.

Ba kowane tabo ne melasma ba

Kafin a shafa komai, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba, don akwai masu kama da ita. Tabon da ƙurajen fuska ke bari ɗigo-ɗigo ne, daidai inda ƙurjin ya fito. Kyasbi ya fi kama ƙirji, baya da wuya, yana da ɗan gari in an kankare shi. Makero yana yin zobe yana ƙaiƙayi. In fatar wuya da bayan hannu ta yi baƙi ta yi kaushi, ga zawo a kai, ana iya zargin ƙarancin bitamin B3.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne tabo mai haske ko ja-ja wanda in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Wannan na iya zama farkon kuturta. Maganinta kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko 12, kuma in an fara da wuri ba ta barin nakasa. Rufe irin wannan tabo da man kasuwa ɓata lokaci ne mai tsada.

Abin da ke cikin man kasuwa

Mayukan ƙara hasken fata da ke shigowa kasuwanninmu, har da haɗin da ake zubawa a kwalba ba suna ba takarda, galibi ɗaya daga abubuwa uku ne ke aiki a cikinsu, ko ma duka ukun.

Akwai idrokinon, wanda a jikin kwali ake rubutawa hydroquinone. Yana hana fata yin launi. In aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai ya juya: fatar kumatu ta yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, ta yi kaushi da ƙananan ƙuraje. Likitocin Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan cuta a 1975, bayan sun gan ta a jikin mata masu shafe-shafe. Ta fi melasma muni, kuma da wuya take gogewa.

Akwai kortizon mai ƙarfi, wanda za a ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Magani ne na wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci. In aka mai da shi man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da makero su yawaita, gashi ya fito a fuska. Yana ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Rauni ma ba ya saurin warkewa, abin da ke ba likitoci wahala in za su ɗinke mace bayan tiyatar haihuwa.

Sai zaiba, wadda ake rubutawa mercure, ko a ɓoye ta da sunan calomel, ko kuma a ƙi rubuta ta sam. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kaiwa ga ɗan tayi ta mabiyiya, tana bin nono, har yaran gida suna ɗaukar ta daga hannun uwa da tawul.

Matsalar ta game yankinmu duka. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin mata masu amfani da waɗannan kaya: kashi 77 cikin 100 a Najeriya, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Tarayyar Turai ta hana sa idrokinon a kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa ta kafa dokar hana mayukan a 2015, Gana ta biyo baya a 2016. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, ita ma ta shafi kayan kwalliya. Duk da haka kayan na nan a kan tebur, don haka mai saye ce za ta tsare kanta.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne satin farko: fuska ta yi haske, tabo ya ragu. Amma man ya cire wa fata garkuwarta, rana ta ƙara samun hanya, ranar da aka daina kuma tabon ya dawo ya fi na da. Sai a ƙaro wani man da ya fi ƙarfi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Likitocin fata a Dakar sun ma ba da rahoton sankarar fata a jikin wasu matan da suka shafe shekaru suna wannan shafe-shafe.

Haɗin gida ma ba duka ne ke da lafiya ba. Ruwan lemun tsami a fuska sannan a shiga rana yana ƙona fata ya bar sabon tabo. Haka toka, kanwa da man goge haƙori. Man kaɗanya yana da kyau wajen laushin fata da tsagewar hunturu, amma ba ya tare rana yadda ake bukata.

Matakin farko: raba fuska da rana

Duk maganin da likita zai rubuta, in fuska na shan rana aikin banza ne. Mun san kuma matan wannan yanki ba zaman ɗaki suke ba. Tun aikin gandarin Keita da aka fara a 1984, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na jidar duwatsu da gyaran ƙasa, maza na ci-rani. Yau ma su ne a dashen albasa a fadamun Tarka da Magiya, su ne a rijiya da neman itace. Shawarar da za ta yi amfani ita ce wadda za a iya bi ana aiki.

Rana ta fi kaifi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Aikin da zai yiwu da sassafe ko bayan la'asar, a kai shi can. Hutun tsakar rana a yi shi a inuwa. Hijabi da kallabi suna rufe kai da wuya amma suna barin kumatu da hanci a fili, daidai inda tabon ke fitowa. Malfa mai faɗin baki, aƙalla faɗin yatsu huɗu, a ɗora ta bisa hijabin, ta fi wani man tsada amfani. Mayafi shara-shara wanda ake hango rana ta cikinsa ba ya tare rana sosai, sai mai kauri. Hazo da gajimare ma ba sa hana UV saukowa.

Mai hali ta nemi man kariya daga rana a farmasi. A jikinsa akwai lamba bayan haruffan SPF: mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kusan 98. Ga mai melasma an fi son mai 50, musamman mai ɗan launin ƙasa-ƙasa, domin shi ne ke tare har hasken da ido ke gani. A shafa wanda ya kai tsawon yatsu biyu a fuska da wuya kafin a fita, a sake bayan awa 2 in ana rana ko an yi gumi, a kuma sake bayan alwala. Masu cewa baƙar fata ba ruwanta da rana, wani bincike na 1979 a Amurka ya ƙiyasta kariyarta da kusan lamba 13. Kariya ce, amma ba ta isa ta hana tabo ba.

Magungunan da likita ke rubutawa

Wata za ta yi mamaki in ta ji idrokinon ɗin da muka gama kushewa shi ne kan gaba a maganin melasma. Bambancin yana ga awo, wuri da lokaci. Likita yana ba da mai ƙarfin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a shafa shi da dare, a kan tabon kaɗai, na ƴan watanni, sannan a dakata. Mai man kasuwa kuwa ba ta san ƙarfin abin da ta saya ba, tana shafe jiki duka, shekara da shekaru.

Haɗin da ya fi shahara likitan fata ɗan Amurka Albert Kligman ne ya fito da shi da abokin aikinsa a 1975: idrokinon, da tiretinoyin mai sabunta fata, da ɗan kortizon mai kwantar da zafin sauran biyun. A 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa na amfanin sati 8. Sai da takardar likita ake amfani da shi, kuma mai ciki ba ta shafa shi.

Mai ciki ko mai shayarwa abin da ya fi mata shi ne malfa, inuwa da haƙuri, tunda tabon na iya tafiya da kansa. In dole sai an yi magani, akwai man asid azelayik mai ƙarfin kashi 15 zuwa 20, wanda likitoci ke ganin ba shi da haɗari ga ciki. Mayuka masu bitamin C ko niyasinamid suna taimakawa, sai dai aikinsu a hankali yake.

Akwai kuma asid taranekzamik, maganin da sajfam suka sani wajen tsayar da jini bayan haihuwa. An gano ƙwayarsa tana rage melasma, likitocin fata kuma suna ba da ita in na shafawa ya kasa. Tana iya sa jini ya daskare a jijiya, don haka wadda ta taɓa samun gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki, ko take shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, lallai ta gaya wa likita. Ba maganin da za a saya wajen mai talla ba ne.

Kowanne aka bi, sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji na kirki. Duk man da ya yi alkawarin kwana 7, a yi shakkar abin da ke cikinsa.

Gyaran fata da sinadari ko na'ura

A manyan birane irin su Yamai, Kano da Abuja akwai wuraren da ake yin wasu ayyuka a fuska, hotunansu kuma suna yawo a waya. Ga yadda suke.

Saɓe fata: ana shafa wani ruwa mai tsami, kamar asid gilikolik ko salisilik, na ƴan mintoci, fatar sama ta saɓe sabuwa ta fito. Akan maimaita sau da yawa da tazarar makonni. Mai sauƙi ne kawai ya dace da baƙar fata. Mai zurfi yana ƙonawa ya bar tabo na dindindin.

Tsattsaga da ƙananan allurai: wata na'ura ce ke huda fata ƙanana-ƙanana don magani ya shiga. In ba a tsabtace kayan ba, ana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida. Mai jikin da tabo ke kumbura masa ya yi tudu, kamar yadda ake gani bayan hujin kunne, ya kiyaye wannan.

Leza: haske ne mai ƙarfi da ke farfasa launi a cikin fata. Baƙar fata tana shan wannan haske da yawa, shi ya sa in na'urar ba ta dace ba ko aka ƙara mata wuta, sai a tashi da ƙuna, ko baƙi fiye da na da, ko ɗigon fari. Likitocin fata suna ajiye ta a matsayin mataki na ƙarshe, kuma ko an dace tabon kan dawo.

Allurar hasken fata ta gulutatiyon kuwa, babu hujjar da ta tabbatar tana maganin melasma, hukumomin magunguna na Amurka da Filifin ma sun yi gargaɗi a kan irin waɗannan allurai.

Kafin a miƙa fuska, a tambaya: likitan fata ne zai yi aikin? Ya saba yi wa baƙar fata? Me za a yi in an samu ƙuna? Wurin da ba a amsa waɗannan ba, a kama hanya.

Zabiya: inda rana ke kisa

Ga yawancinmu ɓarnar rana tabo ce da tamoji. Ga zabiya magana ce ta rai, domin fatarsu ba ta yin melanin ɗin da zai kare su. A Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta mutum 1 cikin 5,000 zuwa 15,000 zabiya ne. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iska ba. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranarsu tun 2015, ta ce a wasu ƙasashe akasarinsu sankarar fata ke kashe su tsakanin shekara 30 da 40.

Ɓarnar takan fara da ɗan wuri mai kaushi kamar ɓawo a kunne, leɓe, wuya, goshi ko bayan hannu. A wannan mataki likita na iya ƙone shi da ruwan sanyi na musamman cikin ƴan daƙiƙoƙi. In aka bar shi yana iya zama gyambo mai ci, sai tiyata. Yaro zabiya yana bukatar malfa, riga mai dogon hannu, dogon wando, tabarau mai duhu da man kariya mai lamba 50 tun yana ƙarami. Kada a tura shi kiwo ko gona da tsakar rana. A makaranta a zaunar da shi gaba saboda raunin ido. A duba fatarsa a likita aƙalla sau biyu a shekara.

Ina za a je?

A fara da CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita, ko babban asibitin jiha da ke Tawa. Ƙwararrun likitocin fata sun fi yawa a Yamai, inda akwai cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. A tafi da kwalin duk man da ake shafawa, a kuma faɗi gaskiyar shekarun da aka yi ana amfani da shi. Ba wurin jin kunya ba ne. Wadda ta daɗe tana shafe jiki da mai kortizon kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya saba, yankewar gaggawa na iya jefa ta cikin kasala mai tsanani da faɗuwar jini. Likita ne zai tsara mata ragewa sannu a hankali.

A gaggauta zuwa, kada a jira ranar kasuwa, in an ga gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko tabon da ke girma yana jini, ko baƙin tabo sabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ko tabon da ba a jin taɓi a kansa.

Melasma takan lafa, takan kuma dawo in bazara ta yi ko an sake ɗaukar ciki, don haka kula da ita aiki ne na dogon lokaci. Maigida da uwar miji su ma suna da nasu rabo: yawancin matan da ke faɗa wa man kasuwa, gori ne ko tsoron kishiya ya tura su. Mai tabon ciki a fuska lafiyarta lau, abin da take bukata malfa ce, da inuwa, da kuɗin mota zuwa likita in ya ƙi tafiya.

Allah ya ƙara mana lafiya.